Idan Muryar Magenka Ta Dishe: Abin Yi a Gida da Lokacin Garzayawa Wurin Likitan Dabbobi a Legas

Tun da mutane suka san ina kiwon maguna a nan Agege, da wuya a yi mako biyu wani bai tare ni da wannan tambaya ba: "Malam, magena tana buɗe baki kamar za ta yi kuka, amma babu abin da ke fita. Me zan ba ta?" Na ji ta daga bakin masu sito a Mile 12 da ke ajiye mage saboda ɓera, na ji ta daga matan aure a Idi-Araba da Obalende, har yara sukan same ni da ita bayan sallar Magariba. Amsata ta farko kullum ɗaya ce: kada ka ba ta komai tukuna.

Dishewar murya ita kaɗai ba kasafai take kashe mage ba. Abin da ke kashe ta shi ne ciwon da ya laɓe a bayan dishewar, ko maganin mutane da aka ɗura mata don tausayi. Abubuwa 3 ne za su gaya maka ko jira za ka yi ko garzayawa asibiti: numfashinta, yawunta, da cin abincinta. Ka bi matakan nan a jere, kuma kada ka tsallake na 1 da na 2 komai saurinka.

Kayan da za ka tanada

Wayarka, saboda agogo da tocila da ɗaukar bidiyo. Tawul mai kauri. Kwandon roba mai murfi wanda iska ke shiga, irin na ajiye kayan wanki. Auduga, sirinji na mil 5 wanda aka cire wa allura, da ma'aunin zafin jiki mai nuna lamba. Waɗannan uku na ƙarshe duk kemis ɗin unguwa yana da su, kuma kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na zuwa asibiti sau ɗaya ba. Ma'aunin da ka yi wa mage amfani da shi ya zama nata, kada ya koma cikin kayan yara.

Mataki na 1: Tsaya daga nesa ka duba numfashi

Kada ka ɗauke ta. Ka zauna inda kake ganin haƙarƙarinta, ka bari ta kwanta ta natsu. Ƙirjin ya ɗaga ya sauka, numfashi 1 ke nan. Ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka sau 2. Lafiyayyar mage da ke barci ba ta wuce numfashi 30 a minti ɗaya. Idan tana kwance babu abin da ta yi amma lissafin ya haura 40, yau za ta ga likita. Kada ka ƙirga lokacin da take gurnanin jin daɗi, lissafin ba zai fito daidai ba.

Sai ka kasa kunne. Toshewar hanci tana ba da sauti kamar minshari. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne siririyar ƙara mai kama da fito da ke fita duk sanda ta ja iska ciki, domin alama ce hanyar iska ta ƙuntata a maƙogwaro. Wurin da murya ke fita shi ne ƙofar da iska ke bi zuwa huhu, kumburin da ya ɗauke murya yana iya ƙaruwa ya rufe ƙofar.

Gargaɗi: mage ba ta haki kamar kare. In ka ga tana numfashi da baki a buɗe, ta miƙe wuya, ta ware ƙafafun gaba, cikinta yana bugawa da ƙarfi, to sauran matakan gida sun faɗi. Duba alamomin mataki na 2 kafin ka taɓa ta, sannan ka tsallaka zuwa mataki na 7 da na 8 yanzu, ko da tsakar dare ne. Kada ka danne ta, kada ka ɗura mata ruwa, kada ka yi mata sirace. Kokawa da magen da numfashi ke yi wa wuya tana iya ƙarasa ta a hannunka.

Mataki na 2: Duba yawu da hali kafin ka kai hannu

Wannan mataki don lafiyarka ne da ta iyalinka. Ciwon haukan kare yana kama mage, kuma sauyawar murya tana cikin alamominsa. Ka tambayi kanka: an taɓa yi mata allurar rigakafinsa? Tana fita yawo da dare? A 'yan makonni ko watannin nan ta dawo gida da rauni irin na cizo?

Alamomin da ke tafiya tare da shi su ne dalalar da yawu, kasa haɗiya, muƙamuƙi ya saki, tangaɗi ko shanyewar ƙafafun baya, da sauyin hali farat ɗaya. Magen da aka sani kamar kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, sai ta koma kai wa kowa hari, ko mai gudun mutane ta dawo tana manne musu. Tarkon da ke cikin wannan ciwo shi ne yana kama da maƙalewar ƙashi, sai maigida ya zura yatsa a bakinta yana laluben ƙaya, yawun ya shiga masa wata 'yar tsaga a fata.

Idan alamomin nan sun haɗu, ka rufe ta a ɗaki ita kaɗai, ka kawar da yara da sauran dabbobi, ka kira likitan dabbobi ka faɗa masa zargin da kake yi tun a waya. Kada ka kashe ta ka jefa a kwata, likita yana bukatar ganinta don a san matsayin waɗanda suka taɓa ta.

Gargaɗi: duk wanda ta ciza ko ta yaƙusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya tafi asibitin mutane a ranar don allurar kariya. Ba a jiran ganin alama a jikin mutum, domin da zarar alama ta bayyana magani ya ƙare.

Yawu ba kullum yake nufin hauka ba. Gyambon harshe, ruɓaɓɓen haƙori da lasar guba duk suna sa dalala. Amma likita ne zai bambance, kuma dukkansu na zuwa asibiti ne.

Mataki na 3: Tuno abin da ya faru a kwana 3 da suka wuce

In numfashi lafiya, babu yawu, to ka samu sararin tunani. Galibi amsar tana cikin gidanka.

Ta yi kuka mai yawa? Wata farar magena ta taɓa shiga sito aka rufe da ita ba a sani ba, ranar Asabar da yamma. Da aka buɗe ranar Litinin ta fito tana buɗe baki babu sauti, don ta kwana biyu tana kira. Ta sha ruwa, ta ci abinci, kafin ƙarshen makon murya ta dawo da kanta. Haka macen da ke neman barbara takan kwashe kusan mako tana kuka dare da rana, ta huta mako 2 ko 3 ta sake, har muryar ta shaƙe. Ƙaura zuwa sabon gida ma tana sa haka.

Ta shaƙi wani abu? A gidajen haya na Legas wannan ba ƙaramin dalili ba ne. Janaretan maƙwabci a ƙarƙashin taga, maganin sauro na kunnawa a ɗakin da aka rufe, feshin maganin ƙwari, fiya-fiya da aka yayyafa a lungu, hayaƙin gawayi, har turaren wutan da Hajiya ke turara ɗaki da shi in ya yi yawa kuma babu mafita. Mage tana ƙasa-ƙasa, kuma duk abin da ya sauka a gashinta sai ta lashe shi. (Hayaƙin janaretan da ya dishe muryar mage yana shiga huhun yaranka su ma, ka yi wa maƙwabcin magana a matsar da shi.)

Me ta ci? Kan kifi, ƙayar panla, ƙashin kaza da aka dafa, ganyen ciyawa da kan maƙale a bayan hanci. Idan akwai tela a gidan ko mai kitso, ka tuna da zare da allura. Idan an zuba shinkafar ɓera a gidan ko a shagon kusa, ka riƙe wannan ka faɗa wa likita, don wasu irinta suna sa jini ya tsiyaya a ciki ba a gani, sai bayan kwanaki alamar ta fito.

An buge ta? Faɗan muzurai, cizon kare a wuya, igiyar wuya da ta sarƙe a ƙusa, ko shuri da jifa. Kowa ya san akwai unguwannin da ake camfa mage, wadda ke yawo a waje tana gamuwa da wannan.

An yi mata aiki kwanan nan? Bututun da ake sakawa a maƙogwaro lokacin allurar barci yakan bar murya a dishe na 'yan kwanaki. Ka sanar da wanda ya yi aikin, amma yawanci yana wucewa.

Sai babban dalilin da ya fi kowanne yawa: murar maguna. Atishawa, majina, kwantsa a ido, kasala. Ƙwayoyin cuta 2 ne suka fi kawo ta, likitoci na kiransu hapis da kalisi. Na biyun shi ke fasa gyambo a harshe. Na farkon in ya shiga jiki ba ya fita har abada, yakan lafa ne, sai ranar da mage ta shiga damuwa ko ta haihu ko aka sauya mata gida ya taso, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Waɗannan biyun ba sa kama mutum, amma suna bin sauran maguna kamar wutar daji.

Mataki na 4: Duba jikinta da hannu

Ku zama mutum biyu. A naɗe ta da tawul, kai kaɗai a waje, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya duba.

Ɗaga leɓenta na sama ka kalli dasashi. Lafiyayye ruwan hoda ne, da danshi. Fari fat, shuɗi-shuɗi, ruwan toka, ruwan ƙasa ko rawaya, duk na gaggawa ne. In ka taɓa ka ji yana danƙo, ruwan jikinta ya yi ƙasa. Ka tabbatar ta hanyar ɗaga fatar tsakanin kafaɗunta ka saki: ta lafiya tana komawa nan take, ta mai ƙarancin ruwa tana tsayawa a tattare.

Shafa wuyanta a hankali daga haɓa zuwa ƙirji. Kana neman kumburi, ƙulli, rauni da gashi ya rufe, ko wurin da in ka taɓa take zabura. Cire duk abin da aka ɗaura mata a wuya.

In ta yarda, haska bakinta da tocila ka ga harshe da ganda. In ba ta yarda ba, ka ƙyale ta. Asalin wurin da murya ke fita yana can ciki, ko likita ba ya ganinsa sai ya sa ta barci.

Zafin jiki ana auna shi ta dubura: a shafa Vaseline a bakin ma'aunin, a shigar kamar santimita 1 zuwa 2. Na mage yana tsakanin 38 da 39.2, ya ɗara na mutum, saboda haka kada ɗumin jikinta a hannunka ya ruɗe ka. Daga 39.5 zazzaɓi ne. In ya kai 40 ko ya sauka ƙasa da 37.5, asibiti a ranar. In tana fizge-fizge, ka bar wa likita awon.

Gargaɗi: idan ka hangi zare a ƙarƙashin harshenta ko yana leƙowa ta dubura, kada ka ja. Ɗaya bakin yana iya kasancewa cikin hanji, ja zai yanka shi. Haka ƙaya ko ƙashi da ya kafe, kada ka bi shi da yatsa ko hantsaki. Garin neman gira ake rasa ido.

Mataki na 5: Yanke shawara

Yanzu-yanzu, ba jiran gari ya waye: duk abin da na ambata a gargaɗin mataki na 1, dasashin da ya sauya launi, kumburin fuska ko wuya, jini daga baki ko hanci, yunƙurin amai babu ƙaƙƙautawa tana kai ƙafa baki, zargin guba, zargin haukan kare.

Cikin awa 24: ta ƙi abinci yini da kwana, zazzaɓi, majina ko kwantsa ta koma kore ko rawaya mai kauri, ido ɗaya a rufe, gyambo a baki, tari. 'Yar kyanwa da ba ta kai wata 3 ba, ko tsohuwar mage, ko mai ciki, ba a ba su ko wannan awa 24 ɗin in sun daina ci. Mage mai ƙiba ma kada ƙibar ta yaudare ka, in ta yi kwanaki ba ta ci ba kitse yakan taru a hantarta, ciwon da ya fi na farko wuyar magani.

Jira a gida: murya kaɗai ta tafi, tana ci, tana sha, tana wasa, numfashi daidai. Ka ba ta kwana 3. In babu alamar dawowa, ka kai ta.

Akwai nau'i guda da mutane suka fi sakaci da shi, don ba ya zuwa da hayaniya. Magen da ta haura shekara 8 ko 10, muryarta tana sauyawa kaɗan-kaɗan cikin makonni, ba mura ba atishawa. Wannan ba ta jira ba ce. Tsiro a maƙogwaro, ciwon daji, ko shanyewar jijiyar wurin suna farawa haka. In kuma tana ci kamar ba gobe amma tana ramewa, likita zai duba ƙullin wuya, wanda in ya kumbura a jikin mutum muke kira maƙoƙo. Ƙananan maguna su ma sukan yi wani tsiro marar daji a bayan ganda, mai sa minshari da sauyin murya, ana cire shi su warke.

Mataki na 6: Jinya a gida

Ware mata wuri. Ɗaki ko lungu mai iska, nesa da hayaƙi da na'urar sanyaya ɗaki, ba inda fanka ke bugunta kai tsaye ba. Kwanon ci, na sha da wurin bayan gidanta su zama nata ita kaɗai. Ka hana yara tsokanarta don su ji ko za ta yi kuka, muryar hutu take bukata.

Goge mata hanci da ido sau 3 ko 4 a rana da auduga da ruwan da aka tafasa ya huce ya zama ɗumi. Kowane ido da audugarsa. Wannan ƙaramin aiki shi ke dawo da cin abinci, domin mage ba ta cin abin da ba ta ji ƙamshinsa ba.

Abincin ya zama mai laushi, mai ɗumi, mai ƙamshi. Kifi titus da aka dafa da ruwa zalla aka tsince ƙayarsa tsaf, ko tsokar kaza da aka dafa aka yayyaga da ɗan romonta, ko abincin maguna na gwangwani in kana da hali. Babu gishiri, babu magi, babu yaji. Albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage, don haka romon miyar gida, tsire da kilishi duk ba nata ba ne. Madarar shanu tana sa yawancin maguna zawo, wanda zai ƙara ƙarar da ruwan jikinta. Abincin nan mai laushi ka ba ta shi kaɗan-kaɗan sau da yawa.

Mage mai kilo 4 tana bukatar ruwa kusan mil 200 a rana, har da wanda ke cikin abinci, wato bai kai rabin ledar fiyawata ba. In ba ta sha da kanta amma tana iya haɗiya, ka ɗiga mata da sirinji ta gefen baki, ɗigo-ɗigo, kanta a daidai ba a ɗage sama ba. Da ta ƙware ko ta yi tari, ka tsaya.

Sirace yana sassauta majina. Ka sa ta a kwandonta ka rufe, ka ajiye bokitin ruwan zafi a gefe inda ba za ta kai gare shi ba, cikin banɗaki, ka ja ƙofa na minti 10 zuwa 15, sau 2 ko 3 a rana. Wanda banɗakinsu na haɗaka ne ya ajiye kwanon ruwan zafin kusa da kwandon a ɗaki, ya yafa zani marar nauyi a kansu duka, ya bar gefe ɗaya a buɗe. Ka zauna tare da ita har a gama. Ruwa zalla: ba Robb, ba Aboniki, ba ganye. Abin da ke buɗe hancin mutum a cikinsu guba ne ga mage, kuma kada a shafa mata su a hanci ko wuya.

Gargaɗi, kuma shi ne mafi girma a wannan jagora: kada ka ba mage farasitamol, ko Panadol ne ko ruwan na yara. Hantarta ba ta da abin da ke narkar da shi, ƙwaya ɗaya ta isa ta kashe ta. Wata maƙwabciyarmu ta taɓa aiko yaro ya kira ni da sassafe. Na tarar da magenta fuska a kumbure, dasashi ya koma ruwan ƙasa, tana jan numfashi da ƙyar. Cikin kuka take cewa, "Wallahi Malam rabi kawai na ba ta, na ga tana fama da mura." Na ce, "Hajiya, ɗauko mayafinki mu tafi." Mun kai ta, amma an riga an makara. Mura ce da za ta warke cikin kwana 10. Har yau in na tuna abin yana sosa mini rai, domin matar nan ƙauna ce ta sa ta yi. Wanda ya riga ya bayar kafin ya karanta wannan, ya ɗauki magen da kwalin maganin ya tafi yanzu, akwai makari in an kai da wuri.

Ibufurofen da asfirin da maganin tari na mutane duk suna cikin wannan hani. Haka maganin ɗigawa a ido na mutane, don wasunsu suna ƙara zurfafa gyambon idon da hapis ke kawowa. Zuma da lemun tsami da citta namu ne, ba nata ba. Manja da ake ɗura wa dabba in ana zargin guba yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mataki na 7: Nemo likitan gaske, ka tambayi kuɗi tun a waya

Ma'aikatar Noma ta jihar Legas tana da asibitocin dabbobi, kuma wanda ya fi kusa da mu mutanen Agege shi ne na Oko-Oba, yankin da babbar mayanka take. Akwai masu zaman kansu da yawa a Ikeja, Surulere, Lekki da Ikoyi. Na gwamnati ya fi sauƙin kuɗi, amma lokacin aiki yake bi. Don haka ka nemi lambar wani mai zaman kansa da ke amsa kiran dare, ka adana tun kafin bukata ta taso. Likitan gaske yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya, kuma ba laifi ba ne ka tambaya. Ka kuma tambaya ko yana duba maguna, don wasu sun fi sabawa da karnuka ko kaji.

Kuɗin kashi-kashi ne: buɗe kati, ganin likita, allurai da magani, sannan in abin ya yi zurfi gwajin jini, hoton wuya da ƙirji, allurar barci, ƙarin ruwa da kwanciya. Mura marar tsanani takan tsaya a kashi ukun farko. Ciro ƙashi ko zare shi ke cin kuɗi, saboda barci da hoto. Asibitocin ɓangaren Lekki da Ikoyi sun fi na wannan ɓangaren namu tsada, kiran likita gida kuma yana da nasa caji. Yawancin magungunan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, saboda haka ka sa a faɗa maka na kowane kashi kafin a fara. In aljihunka bai kai ba, ka faɗa ƙarara: "Likita, ga abin da nake da shi, wanne ya fi zama dole yau?" Likitan kirki zai jera maka.

Gargaɗi: mai sayar da maganin dabbobi a kara ya san rago da sa, amma mage ba ƙaramin rago ba ce. Nauyinta kilo 3 zuwa 5 ne, kuskuren ɗigo kaɗan ya isa. Maganin kaji mai suna enrofulozasin in ya yi mata yawa yana makantar da ita. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa ta farfaɗiya har ta mutu.

Mataki na 8: Ɗaukarta zuwa asibiti

Kafin ku fita ka ɗauki bidiyonta tana ƙoƙarin kuka da kuma tana numfashi a kwance. A gaban likita tsoro zai sa ta yi tsit, gani kuwa ya kori ji. Ka haɗa da katin rigakafinta da kwalbar duk abin da kake zargin ta lasa.

Shimfiɗa tawul a kwandon, sa ta, ɗaure murfin da igiya, yafa zani marar kauri don duhu yana kwantar mata da hankali. Kada ka sa ta a buhu, ko jakar Ghana-must-go da aka zuge, ko but ɗin mota. Kada ka rungume ta a hannu cikin danfo, ƙarar hon ɗaya ta isa ta fizge ta faɗa titi. In motar haya ta waya za ka kira, gaya wa direban akwai mage a kwando tun kafin ya iso. Zafin gosulo yana ƙara wa mai wahalar numfashi wahala, don haka in ba na gaggawa ba ne ka fita da sassafe, in na gaggawa ne ka zaɓi asibiti mafi kusa ko da ba shi ka fi so ba. Ka tambaya a waya ko a hana ta abinci, saboda yiwuwar allurar barci.

Mataki na 9: A gaban likita

Faɗi komai a jere: ranar da muryar ta tafi, farat ɗaya ne ko a hankali, yaushe ta ci abinci na ƙarshe, lissafin numfashin da ka yi. Duk abin da ka ba ta ka faɗa, ko da kana jin kunya, domin da shi zai san makarin da zai nema. In Turanci ko Yarabanci yana ba ka wuya, tafi da wanda zai yi maka tafinta.

Zai auna nauyi da zafi, ya saurari ƙirji, ya shafa wuya, ya duba baki. In ya ce sai an sa ta barci kafin a ga maƙogwaro, gaskiya ya faɗa. In mura ce, ka sani antibayotik ba ya kashe hapis ko kalisi, ana ba da shi ne don ƙwayoyin da ke hawa kan ciwon daga baya, shi ya sa wani lokaci ba zai rubuta shi ba. Kada ka matsa masa sai ya yi allura. Kafin ka fito ka sa ya rubuta maka sunan kowane magani, adadinsa, da kwanakin shansa, ya kuma nuna maka yadda ake ba ta.

Mataki na 10: Bayan kun dawo gida

A shanye maganin har ƙarshe ko da murya ta dawo a kwana na 2. Duk ƙwayar da ka ba ta, ka bi ta da ruwa kamar cikin sirinji ɗaya, a hankali, ko ɗan abinci mai laushi. Wannan ya fi muhimmanci ga maganin antibayotik mai suna dokzisaikilin, wanda in ya tsaya a hanyar abinci yake ƙona wurin.

Murar maguna takan ɗauki mako 1 zuwa 2, wani lokaci 3, kuma murya tana cikin abubuwan da ke dawowa a ƙarshe. In akwai wasu maguna a gidan, ka ci gaba da ware ta har mako 2 ko 3, ka riƙa wanke hannu bayan ka taɓa ta. Kalisi yana iya yin makonni a jikin kwano da daɓe. Abin da ke kashe shi shi ne Hypo ko Jik, kashi 1 cikin kashi 32 na ruwa, wato kusan mil 30 a lita 1. A wanke, a ɗauraye sosai, a bari ya bushe kafin ta taka. Izal da Dettol ba su dace da inda mage ke kwana ba, tana taka su ta lashe ƙafa.

Idan ta warke sarai, sai a yi maganar rigakafi, don ba a yi wa marar lafiya. Allurar haɗin uku, wadda ta ƙunshi hapis da kalisi da ciwon hanjin da ke kashe 'ya'yan maguna, ana fara ta tun suna mako 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan mako 3 ko 4 har su kai mako 16. Babbar magen da ba a taɓa yi mata ba ita ma ana yi mata. Ta haukan kare daga wata 3 ake yi, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a kati. Gwamnatin Legas takan yi gangamin wannan allura kyauta ga karnuka da maguna lokaci zuwa lokaci, ka riƙa sa kunne musamman wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da ciwon ta duniya. In kukan barbara ne ya dishe muryar, ka tambayi likita kuɗin cire mahaifa, ko fiɗiya in muzuru ne, a wannan zuwan, ka sa ya rubuta ranar da za ku dawo a bayan katin.